Kawu da Motar Tseren Auta

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Wannan karon kiran ya faɗo kan Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bakaniken da duk wanda motarsa ta taɓa lalacewa tsakanin Bagwai da Ɗambatta ya san inuwar garejinsa. Ya rasu da hantsi bayan gajeriyar jinya, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin motoci sun je gaisuwar mutuwa ba sai a rasuwarsa. Direbobin tasha suka jera su daga ƙofar gida, in an biye mini sai in ce har Bici, amma tunda maganar mamaci ake yi bari in rage, in ce har gonar liman. Wani tsohon direba ya riƙe hannuna yana hawaye. Na ɗauka ni yake yi wa ta'aziyya, ashe kansa yake yi wa, wai yanzu wa zai kai wa motarsa. Wani manomi kuma ya iso daga fadama da injin ban-ruwa ɗaure a bayan babur, bai ji labari ba. Da aka gaya masa, ya sauke injin a bakin zaure, ya yi alwala ya bi sahu. Bayan an dawo daga maƙabarta ya tsaya yana kallon injin yana kallon mutane, ya rasa wanda zai tambaya, sai ya sake ɗaure abinsa ya tafi.

A cikin gida mata suna ta yabon haƙurinsa. Inna, matar Kawu, ta bar su suka gama, sannan ta ce haƙurin nan injuna ne suka cinye shi, su mutanen gida ragowa suka samu. Tsohuwata ta goyi bayanta, ta ce tun yana ƙarami haka yake: ya taɓa wargaza keken mahaifinsu don ya ga abin da ke ƙara a ciki, aka zane shi, yana kuka yana tambaya ko an ga wani ɗan ƙarfe da ya faɗi.

Auta, ɗansa na ƙarshe, taubashina, yana zaune a ƙarshen tabarma yana amsa gaisuwa da ka. Na lura masu shigowa suna satar kallonsa, domin kowa ya san rigimar da ta shiga tsakaninsa da mahaifinsa saboda motar tsere. Akasarinsu farkon labarin suka ji, ba su ji yadda ya ƙare ba. Ni kuwa da ni aka yi, har da ƙulun da na samu a ƙeya.

Kawu gajere ne kakkaura, kuma warin fetur ya kama shi kamun da sabulu ya daɗe da sallamawa. Mai shayin bakin masallaci yakan rage wutarsa in Kawu zai gifta. Idan aka kawo masa mota tana tari ko tana ɗaukewa, ba ya fara buɗe bonet kamar sauran bakanikai. Baya yake zagayawa ya buɗe murfin tanki, ya sansana, ya kara kunne. Daga nan ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya bi tiyon mai da yatsa a hankali har famfo, daga famfo zuwa matata, daga matata zuwa kafireta. Mai mota yana tsaye yana cizon yatsa, fasinja suna zagi, shi ko a jikinsa. Yakan ce a wurin masu noman rani ya koyi haka: in ruwa bai shiga fegi ba, hanyar ruwan suke bi tun daga sama har su ga inda ta toshe. Inda ya yi shakka, sai ya zare tiyo ya zuƙa da baki. Man da Kawu ya haɗiye a rayuwarsa zai kai bas Kano ta dawo da lodi.

Ba kullum yake dacewa ba. Ya taɓa cinye safiya guda yana bin mai a babur ɗina, ashe wata 'yar waya ce ta sunce a ƙarƙashin kujera. Da aka gano, ya ɗaure ta ya miƙo mini babur ɗin. Amma har ya rasu, duk sanda ya gan ni a kai sai ya yi wa wurin wayar nan kallon banza.

Wani halinsa shi ne ba ya iya wuce mota a gefen hanya da bonet a buɗe. Ranar ɗaurin aurena shi ne wakilina, domin mahaifina ya riga ya rasu. Inna ta yi masa guga, farar babbar riga kamar ta sallah. A hanya ya tarar da motar mata 'yan kasuwa ta mutu a rana, da kwandunan tumatir. Liman yana jira, dangin amarya suna jira, ni gumi ya jiƙa mini hula. Da ya iso, hannuwan rigar baƙi ƙirin har gwiwar hannu, wani dattijo daga cikin surukaina ya raɗa mini ko wannan ne wakilin, ko wanda aka kira ya duba janareta. Kawu ya zauna ya karɓa mini aure a haka. Matan nan kuwa bai ma tambayi garinsu ba.

A hannunsa Auta ya koyi sana'a, kuma Kawu da bakinsa ya sha faɗa mini cewa a kan sababbin injuna Auta ya fi shi hannu. Bai dai taɓa faɗa masa ba. Suna aiki tare, suna cin tuwo a kwano ɗaya, har samarin garuruwanmu suka ɓullo da tsere. Akwai wata miƙaƙƙiyar hanyar burji tsakanin gonaki da masu aikin titi suka share suka watsar. In an kawar da amfanin gona, bayan la'asar sai motoci biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, wani ya ɗaga hula ya sauke, wadda ta riga kai wa wata kuka da ke can ƙarshe ita ta ci. Tseren duka bai kai mutum ya gama ɓare goro ba.

Auta ya samo wata ƙaramar mota da ta mutu tun ina da gashi, ya ɗora mata injin babbar mota. Ya cire kujerun baya, ya cire safaya, ya yanke salansa, duk don ta yi sauƙi. Da da hali, shi kansa direban zai cire. Tankinta na asali ya ce ya yi nauyi kuma ya yi tsatsa, sai mai walda ya ƙera masa wani dogo siriri, aka kwantar da shi a but, kansa na kallon gaba. Aka fitar da bakin tiyo ta gaban, don hanya ta yi kusa da inji. Mai kuwa ba ya zuba mata sai ɗan abin da zai kai shi kukar ya dawo. Dama mu nan wa ya saba cika tanki? A kwalba muke saye, kuma shi yana da hujjar cewa mai ma nauyi ne. Ranar da ya fara tayar da ita, kajin unguwa suka daina ƙwai.

Kawu ya zuba ido har aka gama, sannan wata rana suna cin abinci ya ajiye lomarsa.

"Na koya maka gyaran mota don mutane su isa gida, ba don ka riga kowa isa kabari ba."

"Baba, inji ne. So nake in ga iyakarsa."

"Ba a garejina ba."

Washegari Auta ya ja motarsa zuwa gindin mangwaron bayan shagon mai walda. Gaisuwa ba ta yanke ba, domin Auta ba mara kunya ba ne, amma daga ina kwana sai lafiya lau. Inna ta koma zuba tuwo a kwano biyu.

Sai motar ta ƙi. A gindin mangwaro lafiyarta lau, a taka mata totur har ganye ya zubo ba za ta yi tari ba. A zaga gari da ita, lafiya lau. Amma a filin tsere, da an sauke hula za ta zabura ta bar abokiyar karawarta a baya, tana kai wa tsakiyar hanya sai ta shaƙe, ta yi tari, ta yi sanyi kamar an riƙe mata wutsiya. Sai ɗayar ta wuce ta yi nisa sannan ta farfaɗo ta bi baya da ihu. Kullum a wuri ɗaya. 'Yan kallo har suka gane wurin, suka riƙa taruwa a daidai nan suna jira.

Babu abin da Auta bai canza ba. Ya sa sabon famfo, ya sa sabuwar matata, ya wanke kafireta har ta fi kwanon amarya ƙyalli. Ya yi faɗa da ɗan bumburutun da yake sayen mai a wurinsa, wai yana haɗa masa da ruwa. Wani ya ce baki ne, aka rataya laya a madubi. Ni kuma a matsayina na taubashi ban bar shi ya sha iska ba. Na kai masa maganin tari a kwalba, na ce safe da yamma, cokali biyu a tanki. Na kuma nemi ya ba jakin maƙwabcina rana su kara, in jakin ya yarda ya rage gudu.

Daga garejin Kawu ana jin ƙarar filin in iska ta juyo. Wata la'asar ina zaune tare da shi sai ƙarar ta taso, ta hau, ta hau, ta shaƙe. Kawu ya daina tauna goro.

"Yunwa," in ji shi.

Na ce ashe ya san ciwon. Ya ce tun ranar farko. Na shiga roƙonsa, na ce ana yi wa ɗansa dariya daga nan har Ɗambatta, kuma rabin dariyar ni nake yi, amma ko ni na fara gajiya. Ya ce a yi ta yi. Muddin tana shaƙewa a tsakiya, ba za ta kai gudun da zai kashe masa ɗa ba, kuma shi duk sallah yana roƙon Allah ya ƙara mata tarin. Da na kai wa Inna wannan magana ta ce ya yi daidai. Tun da aka yi aurensu, wannan ne karo na farko da na ji ta faɗi haka.

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne taurin kan da ya gadar. Auta ya yanke cewa famfo ne ba ya iya kai mai da sauri, sai ya koma ga dabarar da direbobi ke yi in famfo ya mutu a daji: a ɗaga galan sama, a ja tiyo kai tsaye zuwa kafireta, mai ya gangara da kansa. Direbobi da tafiyar hawainiya suke yin haka, su lallaɓa zuwa gari. Shi a tsere ya yi. Ya zaunar da ƙanen matarsa a kujerar gaba, ya rungume galan a kafaɗa, tiyo ya fita ta taga ya shige bonet. Motar kuwa ta wuce wurin tarin, har 'yan kallo suka ji haushi. Sai ta daki wani tudu, galan ya kuɓuce, fetur ya wanke su biyun, ya malale a ƙasan motar inda wayoyi suke tsirara, ga ramukan tsatsa, ga yankakken salansa da zafi a ƙarƙashi. Suka fito jiƙe sharkaf. Wani cikin masu rugowa taimako da sigari a bakinsa, aka yi masa ihu, jama'a suka watse. Allah ya tsare, ba abin da ya kama. Auta yana matse riga yana cewa mako mai zuwa da roba zai ɗaure galan ɗin.

Labarin ya riga su isa gida. Ranar Kawu bai ci tuwo ba.

Da safe sai ga shi a ƙofar gidana da tasar Inna a hammata da buta cike da ruwa, ya ce in tayar da babur. Muka tarar da Auta a gindin mangwaro yana yanka roba. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa. Kawu ya ce ya mayar da tiyo jikin tanki yadda yake da, ya zuba mai kamar yadda ya saba, mu tafi filin. Can ya shiga kujerar gaba, ya ɗora tasa a cinya, ya tsiyaya ruwa kaɗan, iya abin da ya rufe gindinta. Ni aka ce in tsuguna a baya inda babu kujera. Kawu ya tsoma babban yatsansa a ruwan ta bakin tasa na gaba.

"Wannan tankinka ne. Yatsana bakin tiyonka. Tashi yadda kake tashi in an sauke hula."

"Baba, za ka jiƙe."

"Rigarka ce?"

Auta ya taka. Ban san me ya faru a gaba ba a wannan lokacin, domin ni ƙafafuna sama suka yi, na gangara baya na daki tanki da ƙeya, na ga taurarin da ba su fito ba tukuna. Ina ƙoƙarin tashi motar ta shaƙe ta yi tarinta, na sake gangarowa gaba. Da ta tsaya, ruwan tasa duk yana kan cikin Kawu. Ya ɗaga yatsansa ya nuna wa Auta.

"Ina ruwan ya tafi?"

"Baya."

"Ga ɗan yayata ma ya nuna maka."

Sannan ya yi masa bayani a taƙaice, ba tare da ya kalle shi ba. In mota ta zabura, duk abin da ke cikinta baya yake gudu, har ɗan man da ke kwance a dogon tankin nan. Bakin tiyo yana gaba, sai ya zauna a bushe, famfo yana zuƙar iska. Ɗan abin da kafireta ta riga ta tara shi ke kai ta tsakiyar hanya, in ya ƙare ta shaƙe. Tana yin sanyi mai ya dawo gaba, ta farfaɗo. A gindin mangwaro kuwa ba za ta taɓa nunawa ba, domin a tsaye take.

Auta ya tambaya ko ya riƙa cika tankin kawai. Kawu ya ce cikawa za ta rufa masa asiri amma ba gyara ba ce. A juya tankin, bakin ya koma baya ta ƙasa, mai walda ya sa masa shamaki a ciki don man ya daina kai-komo. Kawu ya fito, ya ɗauki galan ɗin jiya ya miƙa mini, ya zaro wuƙa ya daddatsa dogon tiyon nan ya watsar. Ya ce a kai motar bayan garejinsa, ba gaba ba, domin kafin ta sake taka filin nan shi da hannunsa zai sake mata birki, kuma sai an sa bel a kujera.

A hanyar komawa, yana bayana a kan babur da jiƙaƙƙiyar riga, na tambaye shi ko ya yarda da tseren ke nan. Ya ce bai yarda ba, kuma ba zai yarda ba. Ya ce zaɓi aka ba shi tsakanin wuta da gudu, gudun aƙalla yana da birki.

Da magariba Inna ta zuba tuwo a kwano ɗaya.

Abin da ya biyo baya ni kaɗai na sani. Kawu yana da gona kusa da filin, bayan wani shingen cediya. Ranar tseren farko bayan gyara ya sa na kai shi can, wai zai duba kara. Ya tsaya a tsakiyar gonar ya juya wa hanya baya. Ƙarar ta taso, ta hau, ta kai wurin da take shaƙewa, ta wuce ba ko gargada. Ya ce, "Ta sha." Na ce to mu leƙa mu ga wa ya ci. Ya ce bai zo don wannan ba. Na ce to mu tafi gida. Ya ce sai an kashe ta. Shi a kunnensa yana bambance injin da aka kashe da makulli da wanda ya mutu don wani abu ya faru, kuma ba zai motsa ba sai ya ji na farkon.

Haka muka yi ta yi duk ranar tsere, wannan ranin da wanda ya biyo, har ƙafafunsa suka fara kumbura. Samarin nan kuwa in sun gama ba sa kashe mota. Sai su yi ta taka totur a gindin kuka, wanda ya ci yana murna, wanda aka ci yana huce haushi, Auta a cikinsu, wani lokaci har rana ta yi ja. Kawu yana tsaye a gona ba inuwa, hannu a baya, yana kallon karan da ya riga ya duba sau ba adadi. Na sha kai masa kujera ya ƙi zama. Ya ce in na gaya wa Auta, babur ɗina ya nemi wani bakaniken. Na yi masa alƙawarin ba zan faɗa ba.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, na zauna kusa da Auta a zaure. Na ga alƙawarin ya ƙare tunda mai shi ya tafi, sai na gaya masa duka. Ya saurara har na kai aya, idonsa a tabarma.

"Ya taɓa juyowa ya kalla?"

"Ko sau ɗaya."

"Kuma yana tsaye har sai na kashe?"

Na ce har sai ya kashe.



"Da na sani," in ji shi, "da na riƙa kashe ta da wuri."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi inuwa ranar da kowa zai tsaya a rana. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa.